Kuɗin ƙaramar hukuma ya zo kai tsaye, to wa zai riƙe alƙalami?

Baba Ma'aji:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun ranar 11 ga Yuli, 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi, nake ganin yaranmu suna murna kamar an gama komai. Ni ma na yi murna, Allah shaida ne. Amma shekara 35 na yi a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma, na shiga ina ƙaramin akawu a 1983, na yi ritaya a 2018, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Bari in ba ku labarin wani kwalbati. Wata shekara a watan Afrilu wani dagaci ya zo sakatariya da kansa, da sandarsa, ya ce kwalbatin da ke kan hanyar ƙauyensu ya tsage, in ba a gyara kafin ruwa ya sauka ba hanya za ta yanke. Injiniyanmu ya hau babur ya je ya gani, ya dawo ya yi ƙiyasi. Ciyaman ya sa hannu, ni ma na duba na ga akwai gurbin aikin a kasafin kuɗi. Sai dai adadin ya ɗara abin da aka yarje wa ciyaman ya kashe da izinin kansa, dole fayil ya tafi ma'aikatar ƙananan hukumomi a babban birnin jiha. Fayil ya tafi a Afrilu. Sau uku ina binsa da ƙafata. Ya dawo a Satumba, bayan ruwan Agusta ya tafi da kwalbatin da rabin hanyar. Duk daminar nan mai naƙuda a amalanke ake ɗaukar ta a zagaya ta wani gari. Mutanen ƙauyen suka zo suka cika harabar sakatariya, ciyaman suka yi ta zagi, don shi suka sani. Wanda fayil ya kwana wata biyar a kan teburinsa ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Abin da nake so mu tattauna ke nan. Wanda aka ɗora wa alhaki ba shi ne da alƙalami ba, mai alƙalamin kuma talaka ba ya iya kaiwa gare shi. Hukuncin kotu ya taɓa hanyar da kuɗi ke bi. Shin ya taɓa wannan?

Barista Nura:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bari in shimfiɗa abin da doka ta ce don mu tsaya a kan turba ɗaya. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da tabbacin mulkin ƙaramar hukuma ta hanyar zaɓe, amma wannan sashen ne kuma ya ba majalisar dokokin jiha ikon yin doka kan tsarinta da kuɗinta da ayyukanta. Sashe na 162 shi ya kafa asusun haɗakar jiha da ƙananan hukumomi. A rabon arzikin ƙasa tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Antoni Janar Lateef Fagbemi ne ya kai ƙarar gwamnoni 36, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin. Kotu ta ce tun da jihohi sun mai da asusun haɗaka hanyar riƙe kuɗin, to a biya ƙananan hukumomi kai tsaye.

Amsar tambayarka Baba ita ce bai taɓa ba sai kaɗan. Majalisar jiha tana nan da ikonta na yin doka. Hukumar zaɓen da ke shirya zaɓen ciyamomi ta jiha ce. Babban odita na ƙananan hukumomi jiha ke naɗa shi. Ba a yi wata huɗu da hukuncin ba jihar Anambara ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta zuba wani kaso a asusu guda don ayyukan haɗin gwiwa. Tsugune ba ta ƙare ba.

Aminu Kongo:
Baba, ina karatun harkar mulki a Zariya, kuma abin da ka faɗa shi ne darasinmu na farko a aji, cewa iko da alhaki tare suke tafiya, in ka raba su aiki ya lalace. Na haddace shi don jarrabawa, amma sai yau da ka kawo labarin kwalbatin nan na gan shi da idona. Ina da tambaya. An koya mana cewa gyaran 1976 shi ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati, aka yi guda 301 da tsari iri ɗaya a duk ƙasa. Ku da kuka shiga aiki kusa da lokacin, abin ya yi aiki kuwa, ko a takarda ya tsaya?

Baba Ma'aji:
Ɗana Aminu, ya yi aiki gwargwado. Na tarar da dattawan da suka yi aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta kafin gyaran 1976, su suka koya mini rubuta littafin shiga da fita. Akwai wani tsoho a cikinsu, ba ya tashi daga ofis sai lissafin ranar ya daidaita ko da kwabo ne ya ɓace, fitilar ƙwai zai kunna ya zauna. Ban ce zamanin En'e adalci aka yi ba, iyayenmu sun ba mu labarin abin da talaka ya sha. Amma rubutu da ajiye takarda sun iya shi. Bauca, wato takardar fitar da kuɗi, ba ta wucewa sai da rasit a manne, odita in zai zo kowa cikinsa ya ɗuri ruwa. Wannan tarbiyyar ce ta riƙa zaizayewa a hankali, har aka kai lokacin da odita zai zo a tarbe shi a masauki, ya koma bai buɗe littafi ba.

Malama Hadiza:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa kukan. Ni malamar firamare ce, shekara 19 ina riƙe da alli. Duk wannan murnar da ake yi mu gabanmu faɗuwa yake. A yanzu albashinmu daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi tun daga sama, ya bi ta hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ya shigo mana. Yana makara, ƙarin girma yana daɗewa ba a biya ba, amma dai yana zuwa. In aka danƙa wa ciyaman kuɗin nan gaba ɗaya, ga 'yan siyasarsa a bakin ƙofa, ga ɗan kwangila, ga biki ga suna, wa ya ce malamin makaranta ne zai fara tunawa da shi? Baba, shugabar makarantarmu ta dā tana ba mu labarin wani zamani da suka yi wata da watanni ba albashi. Kai ka ga lokacin?

Baba Ma'aji:
'Yata, na gan shi, kuma ina cikin waɗanda ake zagi. Zamanin Babangida ne. An kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, malamai suka ɗan samu sa'ida. A 1991 aka rushe ta aka maido da nauyin firamare kan ƙananan hukumomi, a lokacin kuma kuɗi kai tsaye yake zuwa mana daga tarayya. Ku lura da wannan, abin da ake murna a kansa yau an taɓa yin sa. Albashin malamai kaɗai ya kusa cinye kason wata a wurinmu. Sai a zauna a ce wannan watan a biya ma'aikatan sakatariya, malamai su jira. Ba zan manta wani hedimasta ba, dattijo mai furfura, ya tsaya a tagar ofishina ya ce ba albashi ya zo nema ba, rance yake so na kuɗin awo. Na ba shi daga aljihuna, na koma ciki na kasa ɗaga kai. Yajin aiki ya yi yawa, sai a 1993 aka dawo da hukumar. Don haka tsoronki a kan hanya yake, kada kowa ya ce miki ba kya son ci gaba.

Honarabul Tsohon Kansila:
Malama, da girmamawa, amma kada mu yanke wa ciyamomi hukunci tun kafin a ba su dama. Na yi kansila zango ɗaya. Wallahi ko rijiyar burtsatse ɗaya ban iya gyarawa da kuɗin hukuma ba a mazaɓata. Fanfon da ke bakin masallacin Juma'armu roba ce kawai ta lalace a cikinsa, wata bakwai mata na tafiya rafi, ƙarshe karo-karo muka yi da matasa. In an biya albashi, an cire na masarauta, an cire na fansho, an cire na abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, ɗan abin da za a miƙo wa ciyaman na tafiyar da ofis ne kawai. Mutumin da aka ɗaure wa hannu ba a ce masa malalaci.

Maman Ilham:
Honarabul, tambaya ɗaya tak. Ranar da aka zaɓe ka, ka ga an ƙirga ƙuri'a a rumfarku?

Honarabul Tsohon Kansila:
Hajiya, tunda kin tambaya tsakani da Allah zan amsa. An kawo akwati a wasu rumfunan, a wasu ba a kawo ba. Sunana ya fito tun kafin la'asar. Na san ba ƙuri'ar mutanen unguwa ce ta kai ni ba, jerin sunaye ne da aka amince da shi daga sama. Shi ya sa duk zaman majalisar da muka yi ban taɓa ganin kansila ya tashi ya ce a kawo mana lissafin watan jiya ba. Wanda ya kawo ka shi kake kallo.

Maman Ilham:
Na gode da ka faɗi gaskiya, ba kowa zai iya ba. To ka ga inda gizo ke saƙar. Duba ko wace jiha, ko wace jam'iyya ce ke mulki, zaɓen ƙananan hukumomi jam'iyyar gwamna ke lashe kusan komai. A Kano a Oktoban 2024 NNPP ta cinye duka 44, a jihohin APC da PDP ma haka zancen yake. In ciyaman gwamna ne ya ɗauko shi, ko ta jirgin sama aka kawo masa kuɗin, da ƙafarsa zai mayar.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin ƙauye. Firjin rigakafinmu mai amfani da hasken rana ne, batirinsa ya mutu. Na rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ya ce yanzu lafiya matakin farko tana ƙarƙashin hukumar jiha. Na je can, aka ce gyaran gini da kayan aiki na ƙaramar hukuma ne. Ranar rigakafi sai in tashi da asuba in hau acaɓa in ɗauko allurai a akwatin ƙanƙara daga hedikwata, in dawo ina addu'ar kada rana ta yi zafi kafin mata su taru. Kuɗin batirin bai taka kara ya karya ba. Abin da babu shi ne mutum ɗaya da za a nuna a ce wannan aikinka ne.

Aminu Kongo:
Anti, wannan shi ne abin da Baba ya fara da shi, ta wata fuskar. Shi nasa alhaki a nan iko a can, ke naki an raba aikin gida biyu kowa na tura wa ɗan'uwansa.

Alhaji Mai Shago:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina biyan kuɗin rumfa da kuɗin shara duk wata. Mai karɓa yana zuwa da littafin rasit, wani lokaci ya yaga ya ba ni, wani lokaci ya ce rasit ya ƙare. Bolar da ke bayan layinmu ta kai tsayin katanga. Ku masana ku gaya mini, kuɗin nan Abuja yake tafiya shi ma?

Baba Ma'aji:
Alhaji, ko kusa. Wannan kuɗin shiga ne na cikin gida, gwamna bai taɓa riƙe shi ba, kuma a nan ne nake cewa mu duba kanmu. Kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, duk kundin tsarin mulki ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Na taɓa kama mai karɓar kuɗin kasuwa da littafin rasit biyu, ɗaya namu mai lamba, ɗaya wanda ya buga da kansa a gari. Na rubuta rahoto. Kafin sati ya zagayo an kira ni an ce yaron wane ne, a bar kaza cikin gashinta. Wanda ya kasa riƙe amanar kuɗin rumfa, ban ga yadda zai riƙe miliyoyin da za su zo daga Abuja ba.

Zan faɗi wata magana da na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Tun da aka daina biyan haraji talaka ya daina tambaya. Da mutum ya san kuɗinsa ne a baitulmali, yana da bakin magana. Yanzu kowa na ganin kuɗin mai ne, na gwamnati ne, in an ci ba nasa aka ci ba.

Kwamared Sabo:
Baba, ina ganin girmanka, amma a nan ban bi ka ba ko kaɗan. Mahaifina ɗan NEPU ne, jam'iyyar su Malam Aminu Kano. Ya ba ni labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci saboda haraji, yadda mutum ke sayar da akuyar matarsa ko ya gudu ci-rani, yadda Bafulatani ke kwana a daji da shanu don gudun jangali. Wane bakin magana talaka ke da shi a lokacin? Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979, ƙaya suka cire wa mutane. Kuma wa ya ce yanzu ba ma biya? Alhaji ga shi yana biya. Duk abin da ka saya akwai harajin kaya a kansa. Talaka bai daina tambaya don ya daina biya ba, ya daina ne don ya tambaya sau goma ba a amsa ba.

Baba Ma'aji:
Kwamared, na karɓi gyara a kan zaluncin karɓar haraji, kuma ban ce a dawo da shi ba, Allah ya kiyaye. Jumlarka ta ƙarshe ma ta fi tawa daidai. Abin da nake nufi shi ne igiyar da ta haɗa aljihun mutum da ofishin hukuma ta tsinke, ba a kuma ƙulla wata a madadinta ba. Harajin kaya ba ka ganin fitarsa, ba ka san inda ya shiga ba. A kan wannan ɗin ina nan a kan bakana.

Lawali Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar a 2004 muka fara zaɓen ƙananan hukumomi da muke kira komin, kowace da magajin garinta. An ba su ayyuka da yawa a takarda, amma kuɗin da ke biyo ayyukan kaɗan ne, magajin gari na ƙauye da kuɗin kasuwa da na amalanke yake lallaɓawa. A Afrilun 2024 kuma sojoji suka rushe majalisun suka naɗa kantomomi. Ku kuna da kuɗi ana tare shi a hanya, mu hanyar a buɗe take amma abin da ke biyo ta bai da yawa. Abu guda da na gani yana aiki a garinmu shi ne lokacin da wani magajin gari ya riƙa tara mutane sau ɗaya a shekara yana karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, da Hausa, a fili. Shekarar da ta biyo baya masu biyan kuɗin kasuwa sun ƙaru, don sun ga rumfunan da aka yi.

Barista Nura:
Malam Lawali, wannan da ka faɗa ba ya buƙatar gyaran kundin tsarin mulki, niyya kawai yake so. Abin da ke buƙatar gyaran kundi shi ne zaɓe, ko a mai da shi hannun INEC ko a sake yadda ake naɗa hukumar zaɓen jiha, kuma gyaran sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, waɗanda kowa ya san wa suke saurare. Sannan ku tuna a 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Ba yau aka fara jan igiyar nan ba. Malama Hadiza kuma, mafitar ku ita ce a rubuta a doka cewa albashin malamai da ma'aikatan lafiya shi ake fara cirewa kafin a taɓa ko sisi, ko wa ke riƙe da asusun.

Malama Hadiza:
In dai za a rubuta shi a doka, ba alkawarin baki a filin taro ba, to hankalina zai kwanta. Amma Barista, a makarantarmu akwai sunaye biyu a takardar albashi da tun da na zo ban taɓa ganin masu su ba. In an fara cire namu, da nasu za a cire.

Baba Ma'aji:
Shi ya sa nake cewa a fara da ƙirga mutane. Mun taɓa yin biyan albashi a tebur, kowa ya zo da kansa da takardar ɗaukarsa aiki ya sa hannu a gaban hedimasta da mai unguwa. Kwana uku muka yi, ambulan da suka rage ba mai ɗauka sun cika kwali. Wata biyu aka yi ana haka aka daina, don masu sunayen ba ƙananan mutane ba ne. Kuma ka sani Aminu, ma'aji da daraktan ma'aikata ba ciyaman ke ɗaukar su ba, duk ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke naɗa shi, ita ke canja masa wurin aiki. An yi haka ne don ma'aji ya iya ce wa ciyaman a'a ba tare da tsoron kora ba. Amma in daga sama aka bugo waya, takardar canjin wurin aiki zuwa ƙarshen jiha tana iya iso ka kafin azahar. Sau biyu ta iso ni.

Aminu Kongo:
Baba, hutu ya kusa, zan koma gida. Mu matasan mazaɓarmu muna da ƙungiya. In muna so mu fara tambaya, ta ina za mu fara? Kada mu je a kore mu a ce mun zo tayar da fitina.

Baba Ma'aji:
Kada ku tafi da hayaniya, kuma kada ku fara da ciyaman. Ka fara samo abin da aka tura wa ƙaramar hukumarku a wata shida da suka wuce, hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafa rabon kowane wata a intanet. Ku rubuta shi a takarda ɗaya. Sannan ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya, kwafi biyu, ku kai ofishin sakataren ƙaramar hukuma, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku riƙe. Abu biyu za ku nema, kwafin kasafin kuɗin bana da aka amince da shi, da jerin ayyukan da aka ware wa mazaɓarku. Ku tafi da kansilanku, ku kuma sanar da dagaci kafin ku je, ya ji daga bakinku. In sun ba ku, ku zaɓi aiki ɗaya kawai daga jerin, ku je wurin da ƙafarku ku gani ko yana nan.

Honarabul Tsohon Kansila:
Aminu, in kun tashi rubuta wasiƙar ka turo mini in duba, na san irin kalmomin da ke sa a jefa takarda a kwandon shara. Kuma ku je ranar Talata ko Laraba da safe. Litinin suna taro, Juma'a ba za ku tarar da kowa ba.

Maman Ilham:
In kun samu jerin ku duba mini ko akwai batirin firji a ciki.